Yadda Ake Shirya Kallo da Tattaunawa Kan Fim ɗin Rikicin Kuɗi na 2008 a Katsina

In aka haska fim mai sukar jari-hujja, aka kashe majigi, aka ce "to jama'a, wa ke da tambaya?", abin da zai biyo baya sananne ne. Mutum biyu masu Turanci za su kama jayayya, wani dattijo ya ce ai riba ce ta ja musu, sauran su fara laluben takalmansu. Abin da ake so shi ne ɗan kasuwa da ɗalibi da malamar firamare su tashi kowa na iya bayyanawa, da kalmomin kasuwarmu, yadda bashin gidaje a Amurka ya durƙusar da manyan bankuna a 2008, da hanyar da abin ya bi ya iso Najeriya. Duk shirin da ke ƙasa domin wannan ne.

Zaɓen fim da duba shi

Finafinai biyu aka fi samu kan wannan batu. Akwai Inside Job na Charles Ferguson, wanda ya fito a 2010 ya ci kyautar Oscar a 2011. Tsawonsa ya kusa awa ɗaya da minti 50, an kuma raba shi kashi biyar. Akwai kuma Capitalism: A Love Story na Michael Moore, na 2009, wanda ya ɗan haura awa biyu. Ba abu ɗaya suke faɗa ba. Na Moore tsarin jari-hujjar kansa yake tuhuma, da barkwanci da shaguɓe irin na Amurkawa wanda rabinsa ba zai shiga kunnen mutanenmu ba. Na Ferguson ya fi karkata ga cewa an sassauta doka ne, masu sa ido suka zama 'yan amshin shatan bankuna. Don zama na farko na Ferguson ya fi, saboda yana bin labarin daki-daki, kuma rabe-rabensa sun ba da wuraren tsayawa.

Mai jagorantar zama ya kalli fim ɗin sau biyu kafin ranar, na biyun da biro da takarda, yana rubuta mintin da kowane kashi ya fara. Akwai ɗan wuri da ake maganar shaye-shaye da neman mata na ma'aikatan bankunan, da hotunan da ba su dace da zaman da ke da iyaye da malamai ba. A rubuta inda ya fara da inda ya ƙare, a tsallake shi, a kuma faɗa wa jama'a an tsallake da dalilin. A nemi kwafi na halas. Haskawa ga taro ba ɗaya ba ne da kallo a ɗaki, don haka in zaman na makaranta ne ko ƙungiya mai rajista, a tuntuɓi masu haƙƙin fim ɗin, kuma kada a karɓi kuɗin shiga.

Fassara da kalmomi

A nan zama ke gyaruwa ko ya lalace. Maganar fim ɗin da sauri take, cike da kalmomin banki. Kada a sa mai fassara ya riƙa magana a kan sautin irin na finafinan Indiya. Za a rasa duka biyun. A kunna rubutun Turanci a ƙasan hoto don masu karatu, a tsaya a ƙarshen kowane kashi, mai fassara ya taƙaita cikin minti biyar. Kafin a kunna komai kuma, a ware minti 20 don kalmomi huɗu ko biyar, a rubuta su manya a kwali a manna a bango.

Na farko, bashin gida na masu rauni: an ba mutanen da samunsu bai kai ba bashin sayen gida, gidan kansa shi ne jingina. Da yawa an yi musu kuɗin ruwa mai sauƙi na shekara biyu, daga nan ya yi tsalle. Lissafin shi ne kafin lokacin farashin gidan ya hau, a sake sabon bashi a biya tsohon. Da farashin gidaje ya tsaya a 2006 ya fara sauka, wannan ƙofa ta rufe.

Na biyu, kasuwanci da kuɗin aro. A yi shi da masara. Mutum na da naira miliyan 1, ya ranto miliyan 29, ya je Dandume ya sayi masarar miliyan 30 ya ajiye. In farashi ya hau da kashi 10 cikin 100, ya samu miliyan 3, wato jarinsa sau uku. In ya sauka da kashi 4 kacal, ya yi asarar miliyan 1 da dubu 200, jarinsa ya tafi har ya taɓa kuɗin mutane. Wasu manyan bankunan zuba jari na Amurka sun kai kusan wannan awo na 30 bisa 1 kafin faɗuwar. Duk wanda ya taɓa ajiye hatsi zai gane wannan nan take.

Na uku shi ne mai wuya, wato ƙunshin basussuka da za a ji ana kira CDO. Bayani da baki ba ya isa, sai an yi wasa. A fitar da mutum goma, kowa a ba shi takarda an rubuta bashin naira dubu 100. Mutum ɗaya ya zama dillali: yana karɓar la'ada kan kowace takarda da ya kawo, a biya bashin ko kar a biya. Wani ya zama banki, ya sayi takardun goma, ya haɗa su ƙunshi ɗaya na miliyan 1, ya yanka shi gida uku: na sama dubu 700 wanda ake fara biya, na tsakiya dubu 200, na ƙasa dubu 100 wanda asara ke fara ci. Wani ya zama mai tantancewa, ya buga wa na sama hatimin AAA, alamar babu haɗari, amma jama'a su ga cewa bankin ne ya biya shi ladan aikin. Mutum uku su sayi yankunan. Sai jagora ya fara kiran waɗanda suka kasa biya. Mutum ɗaya ya kasa, na ƙasa ya ƙone. Uku suka kasa, na tsakiya ya bi shi. Na huɗu na kasawa, mai hatimin AAA ya fara asara. A nan sai a tambayi zauren: me ya sa aka ɗauka huɗu ba za su kasa a tare ba? Amsar ita ce an lissafa su kamar mutanen da kowa ke da tasa matsalar daban, alhali kamar manoman ƙauye ɗaya suke, in fari ya zo gonar kowa yake ci. A ambata cewa an sauƙaƙa wasan, domin a zahiri ana sayar da gidan a maido wani abu. A kuma nuna dillali da mai hatimi suna zaune da kuɗinsu a aljihu. Kwatancen adashi na taimakawa a nan: uwar adashi ta san kowace mai zubi, in wata ta gudu ita ke shan kunya da biya, shi ya sa ba ta ɗaukar kowa. A wannan sarƙa wanda ya ba da bashin ya sayar da shi tun kafin ranar biya ta farko.

Na huɗu, inshorar bashi, wadda fim ɗin ke kira CDS. Ka biya kamfani kuɗi kaɗan-kaɗan, in wani bashi ya lalace ya biya ka. Abin mamakin shi ne ba sai bashin naka ne ba. Mutum ashirin na iya yin inshorar gidan maƙwabci guda, duk suna jiran ya kama da wuta. Kamfanin inshora na AIG ya sayar da irin wannan mai yawa ba tare da ya ware kuɗin biya ba.

A kwali na biyu a rubuta 'yan ranaku don kada a ɓace: 1999, an soke muhimman sassan dokar Glass-Steagall ta 1933 wadda ta raba bankin ajiya da bankin zuba jari, Maris 2008, an sayar da bankin Bear Stearns ga bankin JPMorgan Chase, 15 ga Satumba 2008, bankin Lehman Brothers ya karye da kadarori sama da dala biliyan 600, washegari aka ceto AIG da dala biliyan 85, Oktoba 2008, majalisar Amurka ta amince da dala biliyan 700 don ceto bankuna, Oktoba 2009, rashin aikin yi a Amurka ya kai kashi 10 cikin 100.

Wuri, lokaci da kayan aiki

Mutum 25 zuwa 40 sun isa. Fiye da haka lacca ce. Aji a makaranta, ɗakin taron ƙungiya, ko gidan kallon ƙwallo a ranar da babu wasa duk suna yi, kuma gidan kallo na da fifiko ɗaya: benci da janareta da lasifika suna nan. A jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua ko kwalejin kimiyya da fasaha ta Hassan Usman Katsina, a bi ta ofishin kula da harkokin ɗalibai a samu izini a rubuce. A cikin unguwa, a je wa mai unguwa da kai kwana uku kafin ranar, a faɗa masa abin da za a kalla, a gayyace shi. Taron da ke da kalmar "jari-hujja" a takardar gayyata na iya sa a ɗauka siyasa ce, gara ya ji daga bakinku.

A raba fim ɗin zama biyu: gabatarwar da aka yi kan ƙasar Aisland da kashi na ɗaya da na biyu a ranar farko, sauran ukun a ta biyu. Asabar daga ƙarfe 10 na safe zuwa Azahar ta fi dacewa in ana son mata su zo. Bayan Isha'i ya fi wa 'yan kasuwa, amma a tashi kafin 10 na dare. Tsakanin Magariba da Isha'i ba ya isar komai. Da rana dole a toshe tagogi da baƙin ƙyalle ko kwali, in ba haka ba rubutun ƙasan hoto zai dushe.

Majigi mai ƙarfin haske lumen 3,000 ko sama ya wadatar. Allo mai faɗin mita 2.2 da tsayin mita 1.25 ya ishi mutum 40. Farin bango mai santsi ko farin yadi da aka ja aka ɗaure kusurwa huɗu na yin aikin. Yawancin majigi na son tazarar mita 3 zuwa 4 daga bango don cika wannan faɗi. A ɗaga ƙasan hoton ya kai aƙalla mita 1.2 daga ƙasa, don kawunan na gaba ba su rufe rubutun ba.

Sauti ya fi hoto muhimmanci, tun da fim ɗin hira ce daga farko har ƙarshe. Kuskuren da aka fi yi: ana haɗa wayar HDMI sai kwamfuta ta tura sauti zuwa ƙaramar lasifikar cikin majigi, a yi ta murɗa babbar lasifika ba a jin komai. A shiga saitin sauti a mayar da shi inda aka jona lasifikar. In rubutu na riga magana ko yana makara a manhajar VLC, maɓallan G da H ke gyara shi. A sauke fim ɗin da rubutunsa a kwamfuta tun a gida, a saka wani kwafi a filashi. Kada a dogara da intanet.

Majigi na jan wat 250 zuwa 350, kwamfuta kamar 65, lasifika 100 zuwa 150. Ƙaramin janareta zai ɗauka da ƙyar, yana hawa yana sauka, in aka ƙara fanka sai ya mutu. A nemi mai kVA 2.5, da fetur lita 5, a ajiye shi a waje mita 15 ko fiye daga ƙofa da taga saboda ƙara da hayaƙi, hayaƙin nan kisa yake a rufaffen wuri. Ko da akwai wutar KEDCO a fara da janareta ko inbata, domin ɗaukewar wuta farat ɗaya na tsayar da fankar majigi alhali ƙwan na da zafi, abin da ke rage masa kwana. In an gama a bar fankar ta tsaya da kanta kafin a zare waya. Lokacin hunturu a duba matatar iskar majigin, ƙura na toshe ta ya yi zafi ya kashe kansa a tsakiyar kallo. A gwada komai a wurin, kwana ɗaya kafin zama. A tanadi ruwan leda jaka huɗu.

Tafiyar da tattaunawar

Mutum huɗu ke riƙe zama: jagora, mai fassara, mai kula da na'ura, da mai rubutu wanda shi ke riƙe da agogo. Duk mai magana cikin mahalarta minti biyu ne nasa. A faɗi wannan tun farko, a gaban manya, don kada ya zama raini in an tsayar da wani daga baya.

Dattijo ko malamin da ya fi girma a ba shi addu'ar buɗewa da jawabin rufewa, amma kada a fara neman ra'ayinsa. In Alhaji ya riga ya yanke hukunci, babu saurayin da zai ɗaga hannu ya saɓa masa. Bayan kallo a raba mutane rukuni na shida zuwa takwas na minti 15, mata su yi nasu rukunin su zaɓi mai magana da yawunsu, a kuma raba 'yan takardu don mai jin nauyi ya rubuta tambayarsa.

Tambayar farko ga kowane rukuni: a kowane mataki na sarƙar, wa ya karɓi kuɗinsa ya tafi, wa aka bari da asara? Ta biyu ta fi wuya, kuma ita aka fi mantawa: me fim ɗin ya tabbatar da takarda ko lissafi, me kuma ya sa muka ji a rai ta hanyar kiɗa da yankan hoto? Misali, batun masanin tattalin arziki Frederic Mishkin, wanda ƙungiyar 'yan kasuwar Aisland ta biya dala dubu 124 ya rubuta rahoton yabon tsarin kuɗin ƙasar a 2006, shekara biyu kafin manyan bankunanta uku su rushe, wannan hujja ce. Amma nuna mutum yana in'ina a gaban kyamara, ko rubuta cewa wane ya ƙi a yi hira da shi, ba ya tabbatar da laifi. Ya kamata jagora ya san cewa hukumar binciken da majalisar Amurka ta kafa ta fitar da rahoto a Janairun 2011 tana cewa rikicin abin kaucewa ne, amma wasu mambobinta sun ƙi sa hannu, ɗayansu ya ɗora laifin kan manufar gwamnati ta tura bashin gida ga kowa. A kawo wannan ko da babu mai goyon bayansa a zauren, a ga ko za su iya amsa shi.

Tambaya ta uku ita ce tamu. Fim ɗin bai kawo labarin Najeriya ba, don haka jagora ya zo da shi a rubuce. Gangar ɗanyen mai ta kai dala 147 a Yulin 2008, kafin ƙarshen shekarar ta faɗo ƙasa da 40. Kasuwar hannayen jari ta Legas ta kai ƙololuwa a Maris 2008, cikin shekara guda ta zubar da kusan kashi biyu cikin uku na darajarta. Bayan haɗe bankuna na zamanin gwamnan Babban Banki Charles Soludo, da ya mayar da su 25 daga 89, bankuna sun riƙa ba mutane bashi su sayi hannun jari, wani lokaci na bankin da ya ba da bashin. Masarar Dandume ce dai aka sake wa buhu. A ranar 14 ga Agusta 2009, zamanin Shugaba Umaru Musa 'Yar'adua, gwamnan Babban Banki Sanusi Lamido Sanusi ya sauke shugabannin bankuna biyar, Afribank, Finbank, Intercontinental, Oceanic da Union, aka zuba musu naira biliyan 420. A 2010 aka kafa AMCON don sayen ruɓaɓɓun basussuka. Da wuya a tara mutum 40 a Katsina a rasa ma'aikaci ko ɗan fansho da ya sayi hannun jarin banki a wancan lokacin. In ya yarda ya yi magana, a ba shi minti biyar maimakon biyu, amma kada a tilasta kowa ya faɗi nawa ya yi asara.

Inda zama ke karkacewa

Maganar riba za ta taso, kuma tana da wurinta. Matsalar ita ce a rufe zancen da ita cikin minti biyu. Jagora ya karɓa ya faɗaɗa: "Allah ya gafarta Malam, mun ji batun riba. A taimaka mana da hukuncin sayar da bashi da bashi, da sayar da abin da mutum bai mallaka ba, da gharari, wato ciniki cikin rashin tabbas, mu ga wanne ya dace da wane mataki a wasan da muka yi." Wannan na mayar da malami abokin bincike. In aka ce bankin Musulunci ba ya shiga irin wannan, a tuna cewa a Nuwamban 2009 kamfanin Dubai World ya nemi a ɗaga masa biyan bashi, har da sukuk, wato takardun zuba jari na tsarin Musulunci, na reshensa Nakheel, sai da Abu Dhabi ta kawo dala biliyan 10. Kumburin farashin gidaje ba ya tambayar sunan takardar. A kuma juyo gida: ba-da-kaka, inda manomi ke karɓar kuɗi da damina ya biya da buhu a kaka, da ɓoye hatsi har ya yi tsada, su a wane layi suke? Nan zauren ke ɗaukar zafi, domin mai bayarwa da mai karɓa na iya kasancewa a benci ɗaya. A hana kiran suna.

Wani zai ce duk makircin wata ƙabila ce ko wani addini. Kada a yi masa tsawa, a tambaye shi a wane mataki na sarƙar ya ga haka, da wace hujja, a koma kan la'adar dillali da ladan mai hatimi, waɗanda kowa ya gani da idonsa. Wani kuma zai ja zancen zuwa jam'iyya da gwamnatin yau. A ce masa, "Yallaɓai, mun rubuta, zama na gaba ne," mai rubutu ya rubuta da gaske a inda zai gani. Mai dogon Turanci a roƙe shi ya maimaita da Hausa. In ya kasa, mai fassara ya taimaka.

Kalmar jari-hujja kanta na raba zaure, domin ɗan kasuwa na jin kamar shi ake zagi. A raba tambayar gida biyu a allo: saye da sayarwa don riba, da kuma tsarin da riba ke zama ta mutum ɗaya, asara kuma a ɗora wa baitulmali. A bar kowane rukuni ya faɗi wanne fim ɗin ya soka. Masu tunawa da NEPU da PRP da rubuce-rubucen Dokta Yusufu Bala Usman za su ce ba a raba su, na biyun ɗan na farkon ne. 'Yan kasuwa za su ce ana rabawa da doka mai haƙori. Ba aikin jagora ba ne ya yanke.

Minti goma na ƙarshe, a kira mutum uku da ba su yi magana ba, ɗaya ya bayyana kasuwanci da kuɗin aro, ɗaya ƙunshin basussuka, ɗaya hanyar da abin ya iso Najeriya. Inda suka yi tuntuɓe, da shi za a buɗe zama na biyu. Mai rubutu ya taƙaita abin da aka tattauna a shafi ɗaya, ba tare da sunan kowa ba, ya karanta shi a saƙon murya na minti uku ya tura zauren WhatsApp na mahalarta a daren, tare da hoton kwalayen bango da ranar zama na gaba. Takardun wasan a tattara su a ajiye, za a sake buƙatarsu in an zo bayanin AIG a kashi na uku.